Takarda Ta Sha Bakwai

Mu uku aka zaunar a ɗakin bayan majami'a,
ni, da Pasto Barnaba, da Malama Tabita ta lakwal ɗin Bagalam.
Takardu talatin da ɗaya, ba suna, sai lamba,
an danne su da dutse kada fanka ta kwashe.
Sharaɗin gasa: a bi sawun tsohon malamin nan
na ikkilisiyar farko, can bakin tekun arewa,
wanda aka ce ya tone asirin kansa da kansa,
ya shanya shi gaban Allah kamar gyaɗa bisa tabarma.
Lada: jaka ashirin da ƙamus.

Lamba huɗu ta shigo da ado,
kowace jimla da ɗankunnenta.
Pasto ya ce, "Wannan ya yi karatu."
Tabita ta ce, "Ya yi. Amma tubansa ya sha guga,
ko lanƙwasa ɗaya babu."
Lamba tara ta ari zunubi a maƙwabta
ta yi ta rusa kuka a kansa shafi uku.
Ta sha biyu, yarinya ce, na rantse,
tana tambayar ina jiya ke zuwa in ta wuce,
ko Gulbi ke kwashe ta da damina
ya tsallaka iyaka da ita ba takarda.
Na ba ta sha huɗu bisa ashirin.

Sai aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.
Da fitilar waya na buɗe ta sha bakwai.

Shafin kaye ne, an yage shi a karkace,
ba ƙugiya a kan haruffa, ba aya, ba waƙafi.
Ga abin da ta ce:

"Ina aji huɗu. Dala arba'in ta ɓata
daga aljihun teburin mushe. Ni na ɗauka.
Na sayi ƙuli-ƙuli, ban ma ji daɗinsa ba.
Mushe ya kama Nomau
don rigarsa ta fi ta kowa yagewa.
Bulala sha biyu. Ina zaune ina ƙirgawa.
Nomau bai sake zuwa lakwal ba.
Yau faci yake yi a hanyar Ɗan Isa,
kullum na wuce da babur sai ya ɗaga mini hannu.
Hannun nan ke hana ni barci."

Na san teburin.
Aljihunsa na hagu cijewa yake, sai an ɗaga an ja.
Na san bulalar, reshen dogon yaro ce,
ni na aiki yaro ya karyo ta.
Hannun da ya riƙe ta kuwa
ga shi nan riƙe da jan bik,
ana jira ya ba da maki.

Pasto ya ce, "Nahawu ya karye. Takwas."
Tabita ta ce, "Ko sau ɗaya bai ambaci malamin ba,
amma shi kaɗai ya je inda malamin ya je."
Suka juyo gare ni.
Na ce zafi ne, na ce idona ya gaji,
na ce ku biyu ku yanke, ni ban gani sosai.
Shekara ashirin da shida, har yau ban iya faɗa ba.

Lamba huɗu ta ci ƙamus.

Da sassafe na sace iskar kekena da kaina,
na tura shi tun daga Sabon Gari, rana na hawa.
Yana nan ƙarƙashin rumfar kwano, furfura a gemu.
Ya tsoma tayar cikin ruwan daro,
ya juya ta, ya sake juyawa, ba kumfa ko ɗaya.
Ya ɗago kai ya dube ni.

"Mushe," ya ce, "wannan ba ta huje ba.
Zauna dai. Me ke tafe da kai?"